Farin Akun Sokkalingam

Sokkalingam ya gano cewa abin da ya hana garinmu ci gaba shi ne ƙanƙantar akun surukinsa.

A kantina ya fara faɗin haka, wata Talata da ya shigo sayen maganin tari. Kantin maganina yana kallon darbejiyar da ke ƙofar kotu, inda tsoho Irulandi ya shekara arba'in yana yi wa mutane duba da aku. Kayan aikinsa ba yawa: tabarma, ɗan akwatin katako mai ƙofar da ake ja, da kati ashirin da bakwai masu hotunan alloli, har da na Maryama da na wani masallaci mai koriyar ƙubba, don kada a bar kowa a baya. In mutum ya zauna ya faɗi sunansa, sai tsohon ya ja ƙofa, akunsa Tangam ta fito. Koriya ce, in ka cire wutsiya ba ta wuce tafin hannu ba. Sai ta taka zuwa tarin katunan, ta ture ɗaya, ta ture biyu, ta ciro wanda ta ga dama ta miƙa. A ba ta ƙwayar shanshera guda, ta koma ɗaki. Tsohon ya duba katin ya gaya wa mutum abin da ke tafe.

"Yaya, ki duba fa," in ji Sokkalingam, ya jingina da tebur. "Me tsuntsuwar nan ta taɓa faɗa wa mutum? Za ka yi aure. Saniyarka za ta haihu. Ƙafarka za ta yi sauƙi. Ƙaramin baki, ƙaramin rabo! Ko babban al'amari ya zo, wuyanta ba zai iya ɗaga shi ba. Kin taɓa jin wanda ya zama alƙali daga ƙarƙashin bishiyar nan?"

"Maganin na manya ne ko na yara?" na ce.

"Na manya. Ni komai nawa na manya ne."

Maganar tana da dalili. Idanun Irulandi sun fara mutuwa, ba shi da ɗa namiji, sai 'yarsa Ponnamma da Sokkalingam yake aure. Tsohon ya ce a bikin haikali na bana zai bar wa surukin tabarmar. In mutane suka zauna suka tashi da daɗin rai, wurin ya zama nasa. In ba haka ba, zai ba Kasi mai matse rake inuwar. Shekara tara Kasi yana juya injinsa a cikin rana, taku goma daga bishiyar, kuma babu ranar da ba ya auna inuwar nan da ido. Shi kuwa Sokkalingam wannan ce sana'arsa ta bakwai. Ponnamma ta gaya masa a gabana cewa babu ta takwas.

Ranar Alhamis ya hau kekensa ya nufi bakin teku, inda jirage ke tsayawa. Ranar Asabar da la'asar ya dawo a ƙafa, ba keke, da buhu a ka. Buhun ya riga ya huje, wani farin kai mai tukku rawaya ya leƙo yana kallon garinmu ba tare da wata sha'awa ba. Wani ma'aikacin jirgi ne ya karɓi keken ya ba shi tsuntsun, kuma Sokkalingam ya ce mutumin har da rungumarsa don murna. Motar da ya shiga ta sauke su mil goma sha ɗaya kafin gari, bayan tsuntsun ya yi kuka sau ɗaya direba ya taka burki a tsakiyar gada.

Ya zazzage buhun a ƙarƙashin darbejiya. Tsuntsun ya kai zakara, ƙafafunsa kamar na mai dako, bakinsa baƙi mai lanƙwasa.

"Sunansa Janar," in ji shi. "Na sa an auna shi a sikelin mai kifi. Ya yi Tangam bakwai har da ɗoriya. Baba, taɓa ka ji ƙirji."

"Na gode," in ji Irulandi, ya mayar da hannayensa ƙarƙashin cinya.

Kasi ya bar injinsa ya zo ya zagaya tsuntsun. "Sokka, wannan duba zai yi ko dambe?"

"Ka koma ranarka, Kasi. Ka saba da ita."

"Ina nan. Ba na sauri."

Janar bai shiga akwatin Tangam ba, ko kansa bai shiga ba. Kafinta ya yi masa nasa na katako mai kyau, da ƙofa iri ɗaya, aka sa shi ciki da hantsi. Kafin azahar yana tsaye a kan tarin ɓaraguzai yana gyara fiffike. Ƙusoshin ma ya zare su ya jera a gefe.

Aka kira kafinta. Ya tsuguna ya ɗauki ƙusa ɗaya ya juya ta.

"Ko ɗaya bai lanƙwasa ba," ya ce. "In ka gaji da shi ka turo mini. Yarana biyu ba su iya wannan ba."

Sai aka koma wurin maƙeri, ya yi kejin ƙarfe mai sakata. Janar ya yi kwana ɗaya yana kallon yadda ake zare sakatar. Daga nan ya riƙa fita lokacin da ya ga dama, ya dawo lokacin cin abinci, wani lokaci ma ya rufe a bayansa.

"Kun gani?" in ji Sokkalingam. "Tangam shekara nawa ana ja mata ƙofa? Wannan ba ya jiran kowa. Ilimi ke nan."

Ranar Litinin ta mako na gaba aka fara koyon aiki. Tun daga kantina nake jin su.

"Me ya ci da safe?" in ji Irulandi.

"Kashu hannu biyu, ayaba uku, wainar idli biyu da miya, da rabin kwakwa."

"To ka sallame shi, ya tashi aiki."

"Ban gane ba, Baba."

"Suruki, aku ba don ƙaunar alloli yake ɗaukar kati ba. Tangam ba ta karyawa. Kowane kati ƙwaya ɗaya, sai rana ta take a ba ta ta ƙoshi. Wanda cikinsa ya cika, me zai fito nema?"

"Wannan tsarin leburori ne. Janar ba a ja masa rai da abinci."

Ya ɗora ƙwayar shanshera a kan ɗan yatsansa ya miƙa. Janar ya karkata kai ya dubi ƙwayar da ido ɗaya, ya juya ya dube ta da ɗayan. Sannan ya bar ta ya ɗauki yatsan.

Ya zo kantina, na wanke ciwon, na sa aidin, na naɗe. Sokkalingam ya dafe tebur har na gama.

"Kin ga ƙarfi, Yaya? Har ƙashi. Tangam ta cije ni sau nawa, ko sani ban yi ba."

"Kada ruwa ya taɓa," na ce.

Tun da tsohon ya hana a taɓa katunansa kafin ranar biki, sai Sokkalingam ya roƙi kwalayen magani da na gama da su, ya yayyanka su daidai girman kati. Na ba shi arba'in da ɗaya. Janar yakan ɗauki kwali da ƙafa, ya kai baki, ya bi gefensa a natse kamar tela, har ya zama gari. Bai taɓa miƙa ko ɗaya ba.

"Karantawa yake yi," in ji Sokkalingam ga masu kallo. "Ƙaramar ɗauka kawai take yi, ba ta san me ke ciki ba. Wannan sai ya bi shi layi-layi."

"In ya gama karatun," in ji Kasi, "wa zai gaya mana abin da ya gani? Ko sai mun jira ya fito ta ɗaya ɓangaren?"

Sai ya sa aka yanko masa katunan gwangwani, wani mai fentin motoci ya zana hotunan. Janar ya lanƙwasa shida suka koma kamar ludayi. Sauran kuwa babu wanda ya iya gane wane allah ne a kai. Wata tsohuwa ta daɗe tana kallon ɗaya, ta ce ya yi kama da direban motar da ke zuwa garin Madurai.

"Mutane ba za su zauna don gwangwani ba," in ji Irulandi. "Katunan kakana suka sani."

"To ka ba ni su, Baba. Janar ya san bambanci. Kwali ya gani ya raina. In ya ga abu mai daraja zai kama kansa."

Ponnamma tana tsaye da ƙwaryar abincin uban. "Baba, kada ka ba shi."

"Na riga na yi alkawari, 'yata."

"Kai kuma," ta juya ga mijin, "ka ɗauki Tangam mana. Ta san aikin. Kai zama kawai za ka yi, ka buɗe baki, abin da ka fi iyawa."

"In zauna da ɗan tsako bayan duk gari ya ga Janar? Me za a ce da ni?"

"Mai sana'a."

Ranar farko ta biki aka kafa rumfar ganyen kwakwa daga ƙofar haikali har jikin darbejiya, aka ɗaure igiyoyinta a rassan. Sokkalingam ya fito da sabon farin zane da toka layi uku a goshi, yatsu huɗu a naɗe. Bai ba Janar karin kumallo ba. Wannan shawarar kaɗai ya ɗauka, kuma a ranar kaɗai. Tun asuba unguwarsu ta san da haka daga kukansa.

Wadda ta fara zama Sinnamma ce mai sayar da furanni. Ɗanta ya tafi neman aiki wata biyar ba wasiƙa. Janar ya zare sakata da kansa, ya fito, ya taka zuwa katunan. Ya ɗauki ɗaya. Jama'a suka matso, ni ma na fito bakin ƙofa. Sokkalingam ya kama gefen katin ya ja, Janar ya ja. Kowa ya samu rabonsa.

Sokkalingam ya ɗaga nasa rabin. Allahiyar arziki ce, daga ƙugu zuwa ƙasa.

"Inna, kin yi sa'a. Arziki na tafe. Ga ƙafafunsa nan."

"Hannun da yake bayarwa fa?"

"Yana hanya."

"Yana cikin tsuntsu," in ji Kasi.

Sinnamma ta tashi, ta kakkaɓe zanenta, ta ce za ta je gidan waya ta tambaya da kanta.

Na biyu wani manomi ne da shari'ar iyaka ke jiransa bayan biki. Ya zauna da takardar gonarsa a aljihun riga, kanta ya ɗan leƙo. Janar ya tsallake kati ashirin da shida ya zaɓi takardar. Mutum uku suka taru kafin a ƙwato ta, ta dawo babu kusurwar da hatimi yake.

"Alama ce," in ji Sokkalingam da sauri. "Shari'arka ta ƙare."

"Na gani," in ji manomin. Sai da 'yan'uwansa suka riƙe shi.

Da an tsaya a nan, da wataƙila an manta kafin baɗi. Amma a garinmu ba a jan karusar haikali a zagaya gari da ita sai shugaban kwamitin biki ya zauna a tabarmar nan an ciro wa gari kati. A shekarar Alagappan ne shugaba, mai injin casar shinkafa, mutum mai nauyin jiki da tabarau mai zinariya. Da hantsi ya iso da 'yan kwamiti, masu ganga a gaba, giwar haikali a baya. Aka shimfiɗa masa darduma a ƙarƙashin rumfa. Ponnamma ta riƙo hannun ubanta suka tsaya a gefe, akwatin Tangam a hammatarsa, don ba ya barinta a gida.

Sokkalingam ya karɓi abin magana daga hannun mai sanarwa, abin da ba wanda ya ce ya yi.

"Jama'a! Shekara arba'in kuna karɓar rabo da cokali. Yau da tulu za ku ɗiba. Ku dubi wannan ƙirji. Ku dubi wannan baki. Wannan tsuntsu ya ƙetare teku bakwai. Janar, gaishe da shugaba!"

Ya kara masa abin maganar a baki. Janar ya miƙe tukkunsa ya gaisa.

Lasifika huɗu aka ɗaura a ranar. Masu ganga suka tsaya. Jarirai suka ɗauki kuka. Giwar haikali, wadda ta saba da ganga da wasan wuta tun tana ƙarama, ta juya a hankali ta ba mu baya, haka ta tsaya har aka watse.

"Sunanka, ranka ya daɗe," in ji Sokkalingam.

"Ka san sunana."

"Don tsuntsu ne."

"Alagappan," in ji shugaba, a taƙaice.

Janar ya fito. Ya wuce katunan bai kalle su ba. Ya hau gwiwar shugaba, ya bi hannunsa, ya tsaya a kafaɗa. Alagappan bai motsa ba, idanunsa kawai suka bi tsuntsun. Janar ya zare masa tabarau cikin ladabi, ya riƙe da ƙafa, ya ɓalle gilashin dama, ya ɓalle na hagu. Sannan ya sauko ya miƙa wa Sokkalingam abin da ya rage. Wannan ne karo na farko da ya miƙa wani abu, kuma Sokkalingam ya karɓa da hannu biyu.

Ya ɗaga shi sama ya leƙa ta cikin ramukan.

"Ranka ya daɗe, a bana garin nan zai ga abin da bai taɓa gani ba."

"Ban da shugaba," in ji Kasi.

Dariyar ta fara daga baya ta taho gaba. Ina jin ita ce ta ɓata wa Janar rai, ko kuma yunwa. Ya damƙi tarin katunan da ƙafa ɗaya, ya buɗe fikafikan da ba mu san tsawonsu ba sai ranar, ya haye reshen darbejiya. Daga can aka fara yayyafin takarda. Shuɗi, ja, ruwan zinariya, suna sauka a kan 'yan kwamiti.

"Janar! Sauko! Umarni ne!"

Irulandi ya ɗaga fuska, wani guntu ya sauka a goshinsa. "Ponnamma, mene ne ke zubowa?"

"Katunanka ne, Baba."

"Duka?"

"Yana kan yi."

Sokkalingam ya naɗe zanensa ya kama bishiya. Ya kai reshe na farko, Janar ya koma na biyu, inda igiyoyin rumfa suke. Igiyar ɓawon kwakwa ce, mai kaurin babban yatsa, wadda sai an sa wuƙa. Uku ya tsinka, kowace da cizo ɗaya. Rumfar ba ta faɗi da ƙarfi ba. A hankali ta sauko, ta rufe shugaba da 'yan kwamiti tara da mai sanarwa. Abin maganar yana ciki tare da su, don haka duk gari ya ji ra'ayin Alagappan game da Sokkalingam da iyayensa. Ba zan rubuta shi ba.

Da aka ɗage ganyen, aka ƙirga mutane aka ga sun cika. Amma karusa tana tsaye, mutum ɗari biyu riƙe da igiyarta, kuma ba a ciro wa gari kati ba. Wani ya lura da cewa kati uku sun zame lokacin da Janar ya tashi, shugaba ya zauna a kansu. Aka ɗaga shi aka ciro.

Irulandi ya lallaɓa ya zauna a tabarmarsa. Ya jera ukun, ya ja ƙofar akwati. Tangam ta fito, ta taka a kan tarkacen ganye ba ta dubi kowa ba. Ta ture ɗaya, ta ture biyu, ta miƙa na uku. Ta karɓi ƙwayarta ta koma ɗaki.

Tsohon bai kai katin kusa da ido ba. Ya shafa gefensa da yatsa ya gane shi.

"Za a yi ruwa daidai gwargwado," ya ce. "Akwai asara ta hanyar dangi, amma ta riga ta auku."

Aka buga ganga, karusa ta motsa.

Sokkalingam yana kan reshe har yanzu, don hawa ya iya, sauka ce bai taɓa gwadawa ba. "Baba," ya kira, "ranar farko ce fa. Saura tara."

"Da kati uku?" Tsohon ya naɗe tabarmarsa. "Kasi, kana kusa?"

"Ina nan, Baba." Ya riga ya cire duwatsun da ke tare ƙafafun injin.

"Rassan gabas suna zubar da 'ya'ya a watan zafi. Ka riƙa rufe tulunka."

Kafin karusa ta kai kwanar kasuwa, injin rake yana cikin inuwa. Kasi ne ma ya kawo tsani aka sauko da Sokkalingam, ya kuma ba shi kofi ɗaya na ruwan rake kyauta, ya ce na maƙwabtaka ne.

Bayan mako biyu Sokkalingam ya shigo kantina a canja masa filasta. Janar yana kafaɗarsa, yana taunar wuyan rigarsa. Sokkalingam ya je bakin teku don ya mayar da shi, ya tarar jirgin ya tashi. Ya kai shi bayan kogi ya saki har sau biyu, duka biyun tsuntsun ya riga shi isowa gida. Ba ya yarda da kowa sai shi. Ponnamma ta ce ɗayansu zai kwana a ɗaki, ɗaya a zaure, su shirya tsakaninsu, kuma Janar ya zaɓi ɗaki.

"Yaya," ya ce, ya rage murya, "ke da kika yi karatu. Irin waɗannan, kamar shekara nawa suke yi a duniya? Tambaya ce kawai."

Ina da wani littafin dabbobi tun na makaranta. Na ɗauko, na nemo shafin, na karanta sau biyu don kada in yi kuskure.

"Ƙananan kore, sha biyar zuwa ashirin. Irin naka, sittin. Wasu saba'in."

"Wannan fa, tsoho ne?"

Na dubi ƙafafun tsuntsun da idonsa, na sake duba littafin. "Bai fi uku ba."

Sokkalingam yana da shekara arba'in da huɗu. Na ga leɓunansa suna motsi. Lissafi yake yi. Sannan ya gyara tsayuwa, ya leƙa waje inda Kasi ke zuba wa mutane ruwan rake a inuwa, ya ɗaga murya yadda za ta kai can.

"Kin ji ko, Yaya? Ashirin! Tangam ko rabin hanya ba za ta kai ba. Nawa shi zai binne ni."

"Kada ruwa ya taɓa," na ce.